Sauƙin da Kawu Jibril Ya Samu

Ibadan,
9 ga Fabrairu, 1998.

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kun yi Ƙaramar Sallah lafiya, kai da iyali da Iya. Yaya jikin Kawu Jibril? Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiyata ƙalau, sai gumin garin nan da har yanzu ban saba da shi ba.

Wataƙila ka yi mamakin ganin takardata, tunda rabonmu da haɗuwa tun bikin Indo a Gusau, shekara huɗu ke nan. Ni ce Juwairiyya 'yar Zainabu, wadda kakanta da kakan Kawu suke ciki ɗaya. Bara na gama karatun gashin ƙashi a Kano, yanzu ina shekarar horo a wani asibiti a nan. Aikinmu shi ne tayar da wanda ciwo ya kwantar, mu sake koya wa gaɓoɓinsa aiki. Ni ba likita ba ce, ina so ka riƙe wannan.

Inna ta rubuto mini cewa tun watan Nuwamba ƙodojin Kawu suka gaza, an ɗauko shi daga Bungudu an dawo da shi gidanka a Tsafe don ya fi kusa da Kaduna, inda ake yi masa wankin ƙoda Talata da Asabar. Wannan na gane. Abin da ya hana ni cin abinci ranar shi ne ƙarshen takardar. Ta ce da ta je dubiya ta tarar wata uku ke nan Kawu bai taka ƙasa ba. A kwance yake salla, a kwance ake ba shi abinci, mutum biyu ke ɗaukarsa zuwa mota. Kuma da yabo ta faɗa, wai Iya ta iya jinyar ƙanenta. Yaya Mannir, gaskiya ne? Likita ne ya ce a yi haka, ko ku ne?

In ba likita ba ne, to tausayinku yana cutar da shi. Naman jikin mai wankin ƙoda yana zagwanyewa ko da yana yawo, balle yana kwance. Na duba littattafai uku a laburarenmu, na kuma tambayi babban likitan ƙoda na nan har sau biyu, don kada in faɗa maka abin da ban tabbatar ba. Masu wanki da ke motsa jiki a hankali sukan fi ƙarfin ƙafa, su fi samun barci, su fi cin abinci. Kasalar nan ta bayan wanki takan ragu, hawan jini ma yakan ɗan lafa.

Ga yadda ake yi. Ku fara tambayar likitansa na Kaduna. In ya hana, ku yaga takardar nan. In ya yarda, Kawu ya fara da zama a bakin gado yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kwana uku. Daga nan sai tafiya ta minti biyar da sanyin safe, wani na gefensa, a ranakun da ba na wanki ba. Duk mako a ƙara minti biyu ko uku. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko haki ya hana shi magana, a tsaya nan take. Kada ya ɗauki abu mai nauyi da hannun da ake soka masa allurar wanki. Kada a ƙara masa ruwan sha don an ga ya yi gumi, awon da likita ya yanka shi ne.

In ya dage, in sha Allahu zai samu sauƙi.

Ka gaishe mini da Iya, ka ba ta haƙuri da shisshigina.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Tsafe,
2 ga Maris, 1998.

Zuwa ga Likita Juwairiyya,

Wa'alaikumus salam. Na ga kin ce ke ba likita ba ce, amma a nan an riga an naɗa ki, sai haƙuri. Muna lafiya, Baba yana amsa gaisuwarki, yara ma suna gaishe ki ko da yake ba su san ki ba.

Takardarki ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Da ta iso na yi kuskure guda, na karanta ta da ƙarfi a ɗakin Baba, Iya na zaune tana dama masa koko. Ban kai rabi ba ta aje ludayi.

Ta ce, "Mi? A tashe shi? Mutumen da ake zuƙe ma jini sau biyu ga mako a maida, shi za a sa tsere? Wagga ɗiya ta Zainabu da anka haifa gaban idona?"

Na ce, "Iya, ba tsere ta ce ba, minti biyar ta ce."

Ta ce, "Minti biyar ɗin ta ci gidansu. Mi mutane za su ce? Jibrilu na da ɗa, na da 'yar'uwa, an bar shi yana jan ƙafa cikin gida kamar maras kowa?"

Ki fahimce mu, ƙanwata. Ba likita ne ya ce ba. A wurinmu babba in ya kwanta ko buta ba a barinsa ya ɗauka, mu a zatonmu haƙƙinsa muke saukewa. Da na ga kin ce cutar da shi muke yi, sai na aje takardar. Na fita zaure na daɗe ban koma ba.

Baba ya jira sai da Iya ta fita, sannan ya ce in sake karanta masa daga farko. Da na zo layin da kika ce in ya dage zai samu sauƙi, ya ce in maimaita, daga nan ya karɓi takardar ya sa a aljihu. Shekara talatin ya yi yana magatakarda a ƙaramar hukuma, takarda ba ta wuce shi da karatu ɗaya.

Washegari Asabar na faɗa wa likita. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Kana nufin a kwance yake tun Nuwamba?" Na ce e. Ya ce shi ya ɗauka gajiyar hanya ce ta sa muke shigo da shi a keken marasa lafiya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

To, mun fara. Ranar da ya fara miƙewa ƙafafunsa kamar karan dawa, sai rawa suke. Taku bakwai ya yi daga gado zuwa bakin ƙofa, Iya na bayansa hannu biyu a buɗe tana salati. Jiya ya kai zaure ya zauna, ya ce a kai masa rediyonsa can. Da ya dawo ya cinye malmalar tuwo guda, abin da bai yi ba tun kafin azumi.

Wahalarmu yanzu man fetur ce. Ran Juma'a wuni na yi a layi a Gusau kafin in samu na zuwa Kaduna. Allah dai ya kawo mana ƙarshen abin nan.

Yayanki,
Mannir

*

Ibadan,
17 ga Maris, 1998.

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Taku bakwai ɗin nan na karanta shi ya fi sau bakwai. Alhamdu lillahi. Ka ce wa Iya na ji zagin, na kuma karɓa, tsakanin uwa da ɗiya ne.

Don Allah a amsarka ka faɗa mini minti nawa yake yi yanzu, da nauyinsa kafin wanki da bayan wanki, da kuma ko ƙafafunsa na kumbura.

Akwai abin da ya dame ni. Nakan ajiye kwafin duk takardar da na rubuta, kuma da na sake duba ta farko sai na ga na ce Kawu zai samu sauƙi. Sauƙin jiki nake nufi, wato ƙarfi da barci da cin abinci. Ba warkewa nake nufi ba. Tafiya ba ta gyara ƙodar da ta gaza. Ko da Kawu zai taka daga Tsafe zuwa Kucheri ya dawo, wankin Talata da Asabar yana nan, ba a tsallake ko ɗaya. Na san ka sani, amma hankalina ba zai kwanta ba sai na rubuta.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Bungudu,
12 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga Likita Juwairiyya,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Shiru tun takardarki ta farko, ko aiki ne ya yi miki yawa? Mu dai lafiya sai godiya.

Albishirinki. Baba ya je Idi da ƙafarsa!

Shi ya matsa sai a gida zai yi Sallah, muka taho Bungudu ranar Lahadin da ta wuce. Ranar Idi na kawo mota bakin ƙofa, ya ce in mayar. Minti ashirin da biyar muka yi zuwa filin, na duba agogo don na san za ki tambaya. Malam Adamu, abokinsa tun na makarantar allo, yana shimfiɗa darduma ya ɗago ya gan shi a tsaye, sai dardumar ta suɓuce masa. Ya ce, "Jibrilu, kai ne ko na lahira sun aiko ka?" Baba ya ce, "Sun ce in zo in duba ko kana nan da rowarka." Tun daga ranar gidanmu bai rabu da masu zuwa barka ba. Iya ta yi sadakar waina, kuma yanzu ba ta kiran ki ɗiyar Zainabu, sai "ɗiyata".

Da yake Sallah ta faɗo Talata, ba mu je Kaduna ba. Ran Juma'a ina shirin fita neman mai don tafiyar Asabar, Baba ya kira ni gaban Iya da Malam Adamu. Ya ciro takardarki ya karanta layin nan na sauƙi.

Ya ce, "Ta ce in na dage zan samu sauƙi. Na dage ko ban dage ba?"

Muka ce, "Ka dage."

"Na samu ko ban samu ba?"

Iya ta ce, "Wanda ya tai Idi da ƙafa tai, mi ya rage?"

Malam Adamu ya ce wanda Allah ya ba lafiya ya koma yana bin magani, abin ya yi kama da rashin godiya. Ni na ɗan yi shakka. Amma ke kika faɗa, ke kuwa ba kya faɗin abin da ba ki tabbatar ba. Saboda haka mun huta da hanyar Kaduna. Wankinsa na ƙarshe shi ne na Asabar, 4 ga wata.

Da ma ki gan shi yanzu. Ya ci naman layya, yana shan fura da kunun kanwa yadda ransa ke so, dabino ba ya yanke masa a aljihu. Har ya fara ƙiba. Fuskarsa ta ciko, takalminsa ma ya fara matse shi. Gobe zai je Furfuri ya duba sharar gona.

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki miji nagari mai son ƙidayar mintoci.

Yayanki,
Mannir

*

Ibadan,
22 ga Afrilu, 1998, ƙarfe biyu na rana.

Yaya Mannir,

Salamu alaikum. Ka yafe mini rashin gaisuwa. Ka ɗauki Kawu ka kai shi Kaduna yanzu, ka ƙarasa karatun a mota.

Ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Ka danna ƙaurinsa da babban yatsa ka ɗaga, za ka ga rami ya zauna. Yau kwana goma sha takwas rabonsa da injin wanki, wanki biyar ya wuce shi. Ruwan da ya cika ƙafa da fuska huhu zai hau. Fura da kanwa suna ƙara shi. Dabino da nama kuma suna tara wani gishiri a jini wanda ke iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ba. Ku tsayar da su duka. In numfashi ya yi masa wuya kada ku kwantar da shi, a zaune za ku kai shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina takardata ta 17 ga Maris? A cikinta na ce sauƙin jiki nake nufi, ba warkewa ba, kuma ba a tsallake wanki ko ɗaya. Da hannuna na jefa ta a akwatin gidan waya. Ga kwafinta a gabana ina kallonsa.

Da safen nan takardarka ta iso. Na tsaya awa uku a ofishin waya ina neman layin Gusau, bai shiga ba. Wannan zan ba Malam Yelwa, wani direban babbar mota ɗan Gusau da na samu a kasuwa, ya yi mini alkawarin zai sa ta a hannun Inna jibi da safe. Na roƙi izinin tafiya a wurin aiki, an ce sai mako mai zuwa za a duba.

Ni na rubuta kalmar nan. Na auna minti, na auna ruwa, na bar ita kaɗai ban auna ba, alhali na san yadda muke faɗinta a gida. In wani abu ya sami Kawu ban san da wace fuska zan shiga Bungudu ba.

Ka tashi, don Allah.

Juwairiyya

*

Gusau,
26 ga Afrilu, 1998.

Juwairiyya,

Yana da rai. Na fara da wannan don na san ba za ki iya karanta gaisuwa ba. Wa'alaikumus salam.

Takardarki ta iso hannun Gwaggo Zainabu shekaranjiya, lokacin mun riga mun yi mako a Kaduna. Yau na zo ɗaukar kaya ta ba ni.

Ran Juma'a, 17 ga wata, muna dawowa daga masallaci Baba ya tsaya ya dafa bango. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana tafasa ruwa a ciki. Iya ta ce tafiyar ce ta yi yawa, a kwantar da shi. Muka kwantar da shi, ya fizge ya tashi zaune, idanu a waje. Muka sake kwantar da shi. Juwairiyya, sau uku muna danne shi muna cewa ya huta. Yau ina karanta takardarki, da na zo wurin da kika ce kada a kwantar da shi, sai da na zauna a ƙasa.

A asibitin Gusau likita ya danna ƙafarsa, yatsa ya lume. Ya tambayi ranar wankin ƙarshe, na faɗa, ya ce in sake faɗa. Ya ce babu inji a nan, mu kama hanya. Man da ke motar ba zai kai mu ko Funtuwa ba. Mutanen unguwarku ne suka yi ta zuƙo na cikin baburansu da tiyo, wannan kwalba ɗaya, wancan biyu, har tanki ya ɗauka. Ban san sunan rabinsu ba.

An yi masa wanki uku cikin kwana huɗu. Ƙibar da na yi miki albishir da ita, kilo tara, duk ta bi tiyon inji. Likitansa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Wa ya ce ku daina?" Na buɗe baki zan ambaci sunanki, na kasa. Na ce mu ne.

Takardarki ta 17 ga Maris ban taɓa ganinta ba. Na tsaya a Tsafe na tambayi masinjan ofishinmu, ya rantse ya kai ta gida ya ba mai gida hannu da hannu. Na ce ai ni ne mai gida. Ya ce, "Babban mai gida, ranka ya daɗe, yana zaune a zaure da rediyo."

Ban tambayi Baba ba tukuna. Ban san yadda ɗa ke yi wa ubansa irin wannan tambaya ba.

Iya kuwa ta koma kan bakanta. Ta ce tafiya ce ta so kashe shi, kuma muddin tana numfashi ba wanda zai sake tashe shi.

Mannir

*

Tsafe,
10 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga 'yata Juwairiyya,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina lafiya gwargwadon hali. Da hannuna nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Mannir ya nuna mini takardarki wadda direba ya kawo. Na ga kin ɗora wa kanki kaya. Ki sauke, ba naki ba ne.

Takardarki ta biyu ta zo hannuna ranar 30 ga Maris. Ba sunana ke kai ba, na buɗe. Na karanta ta sau biyu, na gane ta sarai, na sa ta ƙarƙashin katifa. Ta farkon ma ban yi mata mummunar fahimta ba. Wanda ya tsufa yana rubuta wa mutane "ana duba lamarin" ya san kalmar da ke da ƙofa biyu in ya gan ta.

Wata uku ina kwance ina ƙirga azarar ɗaki, na riga na yi sallama da duniya. A lokacin hanyar Kaduna ba ta dame ni ba, a ɗauke ni a kai, a ɗauko ni a dawo. Da kika tashe ni na ji ƙasa a tafin ƙafata, sai na ji ina son ran nan, kuma ina son shi ba tare da tiyo a hannu ba. Ranar Idi mutane suka yi ta cewa Jibrilu ya warke. Maganar ta yi mini daɗi har na so in gwada ko gaskiya ce. Na yaudari ɗana da bakinki. Na nemi gafararsa, yanzu ina neman taki.

Iya ma na faɗa mata. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Jiya ta raka ni har zaure, tana tafe tana zagina, hannunta a ƙugun rigata.

Tambaya ɗaya gare ni. In na yi wa likitoci ita sai su ce a ci gaba da addu'a. Ke ba ki iya kwana-kwana ba, saboda haka ki faɗa mini gaskiya. Wankin nan yana da ranar gamawa?

Kawunki,
Jibril

*

Ibadan,
25 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Iya da Yaya Mannir. Na yafe, ni ma ka yafe mini.

Takardarka ta kwana uku a wurina kafin in ɗauki biro. Ina ta neman amsa mai taushi, duk wadda na samu sai in ga tana da wurin ɓuya.

Ba shi da ranar gamawa, Kawu. Ƙodar ba za ta dawo ba. Abu ɗaya da ke raba mutum da injin shi ne dashen ƙoda, na kuma tambaya, ban samu inda ake yin sa a ƙasar nan ba. Muddin kana raye, Talata da Asabar na inji ne, ko Sallah ce ta faɗo a cikinsu.

Sauran kwana biyar ɗin naka ne, kuma tafiyar ita ce za ta sa ka more su a tsaye. Ban san shekara nawa ba, wannan sanin Allah ne. Na dai san wani tsoho a nan da ya shekara uku a kan inji, da ƙafarsa yake shigowa daga bakin titi, yana tafe yana tsokanar masu gadi. Ka tambayi likitanka, in ya yarda ka ci gaba da tafiyar, a hankali, kamar ba ka taɓa zuwa Idi ba.

Na yi wa takardar nan kwafi biyu. Ɗaya na aika wa Yaya Mannir, na rubuta a bayan ambulan cewa kada a ba kowa sai shi. Ɗaya na aika wa Inna a Gusau. Na so in ce ba don ban yarda da kai ba ne, amma ka ce in faɗi gaskiya.

'Yarka,
Juwairiyya